Sankara Mai Ruwa Biyu a Mahaifa: Abin da Iyali Za Su Sani Kafin a Fara Shimiyo



Wataƙila wannan takarda ta zo hannunku kuna zaune a tashar jirgin ruwa ta Treichville, kuna jiran wanda zai tsallaka da ku Plateau ko Abobo-Doumé. Ku ninke ta ku kai gida, domin maganar da ke ciki ta iyayenmu mata ce, waɗanda suka manyanta, kuma da yawansu sai an karanta musu. Cutar da za mu yi bayani ba ta da yawa. Amma gidan da ta shiga, a cikin 'yan makonni ake bukatar ya yanke shawarwari masu nauyi: a yi tiyata ko kada a yi, a tsaya Abijan ko a koma gida, a sayar da me a sayi magani. Gara mutum ya ji bayanin tun hankalinsa na kwance.

Jinin da ya dawo bayan ya ɗauke

Mace ta kai shekara sittin, al'adarta ta ɗauke tun shekaru goma da suka wuce, sai wata safiya ta ga jini. Abin da ta fi yi shi ne ta aika a tambayi malam hukuncin sallarta, a ce mata jinin ciwo ne, ta tsarkake jikinta ta ci gaba da ibada. Amsar malam daidai take a fagenta. Sai dai kalmar "ciwo" da ke cikin amsar tana nufin akwai tambaya ta biyu, kuma likitan mata ne kaɗai zai amsa ta. Duk jinin da ya zo wa mace bayan ta yi shekara guda cur ba ta ga al'ada ba, ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwa-ruwa ne mai jaja-jaja ko mai wari, dalili ne na zuwa asibiti a wannan makon. Sau da yawa abin da ake samu ba sankara ba ne. Amma idan ita ce, to wannan jinin shi ne sallamarta ta farko, kuma wanda ya amsa da wuri ya fi samun mafita.

Akwai kuskuren da ya kamata mu gyara a nan. Mata da yawa sun yi gwajin bakin mahaifa a ɗakin shan magani na unguwa, an ce musu lafiya lau. Wannan gwaji yana da amfani ƙwarai, haka ma rigakafin da Kodebuwa ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 tun 2019. Sai dai dukansu na sankarar bakin mahaifa ne. Ciwon da muke magana a kansa yakan tsiro ne can cikin mahaifa, wani lokaci a gidan ƙwai ko a bututun da ƙwai ke bi, inda wancan gwaji ba ya kaiwa. Ana gano shi ta hoton ciki, sannan a tsinko ɗan nama a kai ɗakin bincike. Wannan tsinkowa ita ce biyofsi, kuma ba ta watsa ciwo kamar yadda ake faɗa a bakin kasuwa.

Sunan da za ku gani a takarda

Idan sakamako ya fito, a Abijan ko Yamai za ku ga an rubuta carcinosarcome, ko tumeur mixte müllérienne maligne. A Kano da Zariya da Sakkwato kuwa carcinosarcoma ake rubutawa. Kalmar müllérienne daga sunan Johannes Müller ta fito, wani masani Bajamushe da ya bayyana a 1830 bututun da mahaifa ke samuwa daga gare su tun jaririya tana ciki. Mu da Hausa za mu ce sankara mai ruwa biyu, domin idan an sa naman a madubin likita ana ganin iri biyu a cakuɗe: ɗaya ya yi kama da sankarar fatar da ta shimfiɗe cikin mahaifa, ɗayan ya yi kama da sankarar tsoka, har wani lokaci a ga abin da ya yi kama da guringuntsi ko ƙashi a wurin da ba muhallinsa ba.

Shekaru da dama likitoci sun ɗauka ciwo biyu ne suka haɗu, suna ba shi maganin sankarar tsoka. Binciken baya-bayan nan ya nuna tushen ɗaya ne: sankarar fatar cikin mahaifa ce, wani sashe nata ya rikiɗa ya canza kama. Wannan fahimta ce ta sauya irin maganin da ake bayarwa yau. A cikin kowace mace ɗari da ke da sankarar cikin mahaifa, masu wannan nau'i ba su kai biyar ba, kuma galibinsu sun haura shekara sittin. A Amurka an lura ya fi samun mata baƙar fata fiye da farare. Ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarinsa, haka gashin na'ura da aka taɓa yi wa mace a mara, haka kuma daɗewa ana shan tamoxifen, maganin sankarar nono. Wadda take shan tamoxifen kada ta daina don ta karanta wannan, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne ta gaya wa likitanta da zarar ta ga jini.

Ba a ɗaukar wannan ciwo ta kwano ko shimfiɗa ko bayan gida. Miji ba ya sa wa matarsa, ita ma ba ta sa masa. Ba aikin kishiya ba ne, ba kuma jifa ba ne daga maƙwabciyar rumfa.

Me ya sa shimiyo, alhali an cire mahaifar?

Matakin farko, idan jiki zai ɗauka, tiyata ce: a cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu da bututunsu, sau da yawa har da kaluluwar mara da kitsen da ke lulluɓe hanji. Bayan mako uku ko huɗu mara lafiya ta fara tashi, jinin ya tsaya, cin abinci ya dawo. A daidai wannan lokaci ne iyalai da yawa suke ɓacewa daga asibiti, domin a idonsu ta warke. Mu kuwa a nan ne muka fi jin tsoro.

Duk wanda ya taso a karkara ya san cewa tumɓuke ciyawa ba ya hana ta sake fitowa idan ta riga ta zubar da iri. Wannan sankara tana saurin sakin ƙwayoyinta cikin jini da hanyoyin kaluluwa, su je su maƙale a cikin ciki ko a huhu, ƙanana ƙwarai yadda ko na'urar sikana ba ta ganinsu. Wuƙar likita ba ta kai musu. Shimiyo, wanda a Najeriya ake kira kemo, magani ne da ake sawa a jijiya ta ƙarin ruwa, ya zaga duk inda jini ke zuwa yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Shi ya sa ake ba da shi ko da likita ya ce ya kwashe duk abin da ido ya gani. Wasu kuma ana ƙara musu gashin na'ura a mara don kada ciwon ya dawo a wurin da aka yi aiki.

Magungunan da aka fi haɗawa yau biyu ne: carboplatine da paclitaxel. Ku riƙe waɗannan sunaye, kusan haka ake rubuta su da Faransanci da Ingilishi. Na farko ɗan gidan farin ƙarfen nan ne mai tsada, platinum. Wani masani a Amurka, Barnett Rosenberg, shi ya lura a 1965 cewa sinadarin wannan ƙarfe yana hana ƙwayoyin halitta rabuwa. Na biyu daga ɓawon wata itaciya ta yammacin Amurka aka fara samo shi, kuma an amince da shi a 1992. Masu cewa maganin asibiti ya saɓa da na itatuwa su lura da wannan: sassaƙe ne shi ma a asalinsa, bambancin shi ne an tace shi, an auna shi, an san abin da miligiram ɗaya zai yi wa jiki. Dukansu biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Kafin wannan haɗi, ifosfamide ne ginshiƙin maganin. Yana aiki, amma ana ba da shi kwana uku a jere, yana iya sa fitsarin jini sai an haɗa shi da wani maganin kare mafitsara, kuma yakan rikita tunanin tsofaffi. Wani babban bincike da aka yi, aka buga sakamakonsa a 2022, ya kwatanta hanyoyin biyu a kan mata 449 masu wannan ciwo a mahaifa. Rabin waɗanda suka sami carboplatine da paclitaxel sun kai wata 37 ko fiye a raye, rabin waɗanda suka sami ifosfamide da paclitaxel kuwa wata 29. Sabuwar hanyar ba ta gaza tsohuwar ba, ga shi a yini ɗaya ake gamawa a koma gida. Ku lura cewa binciken ya haɗa har da waɗanda ciwonsu ya yi nisa da waɗanda ya dawo musu, don haka waɗannan watanni ba wa'adin kowa ba ne. Ba za mu ɓoye muku ba, ciwo ne mai tsanani kuma yana yawan dawowa. Amma akwai matan da aka kama nasu da wuri, suka yi tiyata suka kammala shimiyo, suka koma harkokinsu shekara da shekaru.

Kwana ashirin da ɗaya

Yawanci ana yin zama shida, tsakanin kowane zama da na gaba kwana 21. Daga na farko zuwa na shida mako goma sha biyar ke nan idan ba a sami jinkiri ba. Kafin kowane zama ana ɗibar jini a ƙirga fararen ƙwayoyi da jajaye da masu daskarar da jini, a kuma duba ƙoda, domin da ƙarfin ƙoda ake lissafa yawan carboplatine, shi kuma paclitaxel da tsawo da nauyin mara lafiya. Kafin zama na farko a nemi a yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Yana da yawa a ƙasashenmu, mutum na iya ɗauke da shi bai sani ba, shimiyo kuma yana iya tayar da shi. Idan an sani akwai ƙwayar da ke danne shi.

Ran zama, ana fara ba da magungunan hana amai da na hana jiki ƙin maganin, sannan paclitaxel ya shiga a hankali kamar awa uku, carboplatine ya biyo baya. Ku ware yinin gaba ɗaya, ku zo da ruwa da ɗan abinci da mai rakiya. Idan a mintocin farko ta ji ƙirjinta ya ɗaure, ko fuska ta yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin allurar yana ƙuna, ta yi magana nan take. Kunya da kawaici ba su da wuri a kan wannan kujera. Mai ciwon sukari ta faɗa tun farko, domin ɗaya daga magungunan share fagen yana ɗaga sukari na 'yan kwanaki.

Dalilin tazarar kwana 21 shi ne zama ɗaya ba ya kashe ƙwayoyin sankara duka, kaso yake ragewa. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki, musamman na ɓargo, sun fi saurin farfaɗowa, sai a sake bugun ciwon kafin ya murmure. Kamar noman fari ne da maimai: wanda ya yi na fari ya bar gona wata biyu, aikinsa ya koma baya. Idan likita ya ɗage zama da mako guda don jini bai hau ba, wannan cikin tsari yake. Abin da ke ɓata aiki shi ne iyali su ɗage da kansu saboda biki, ko kasuwar salla, ko kuɗi ya yanke a zama na uku.

Abin da jiki zai gani

Gashin kai yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zaman farko, har gira. Zai dawo 'yan watanni bayan an gama. Ku gaya wa jikoki tun kafin su gani, kuma kada a bar maƙwabta su fassara shi da cewa ciwo ne ya ci ƙarfinta. Aikin magani ne. Kwana biyu ko uku bayan zama, ciwon gaɓoɓi da tsoka yakan taso ya yi 'yan kwanaki ya lafa. Gajiya kuwa tana taruwa, ta zama na biyar ta fi ta zama na farko. Wadda ta saba buɗe rumfa da asuba a kasuwar Adjamé ta nemi wanda zai riƙe mata, ta riƙa leƙawa a mako na uku lokacin da ƙarfi ya dawo.

Akwai alama ɗaya da mata ke rainawa: yatsun hannu da tafin ƙafa su riƙa sagewa ko a ji kamar kiyashi na tafiya. Paclitaxel ne ke taɓa jijiyoyi. Idan ƙirga canji ko ɗaura zani ya fara gagara, ko takalmi yana fita ba ta ji ba, a gaya wa likita kafin zama na gaba domin ya rage maganin. Idan aka yi shiru abin na iya zama na dindindin.

Mafi haɗari duka shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zama, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, suna sauka ƙasa ƙwarai. A wannan lokaci ƙaramar cuta na iya kashe mutum cikin yini ɗaya ko biyu. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye kusa da gado. Idan ya nuna 38 ko sama, ko jiki na kaɗawa da sanyi, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, a kuma faɗa tun a bakin ƙofa cewa tana kan shimiyo, ga ranar zamanta na ƙarshe. A Abijan kowane zazzaɓi palu muke ce masa, mu sha ƙwaya mu kwanta. Ga mai shimiyo wannan ɗabi'a tana iya zama ajali. Zai yiwu zazzaɓin cizon sauron ne, amma gwaji ne zai faɗa, kuma sau da yawa sai an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Haka nan idan amai ko gudawa suka hana ta riƙe ruwa, ko jini ya ƙi tsayawa a hanci ko dasashi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Ta kwana a gidan sauro, ta sha ruwa mai tsabta da yawa, ta ci abinci da zafinsa. Kunu, fate, ƙwai dafaffe, kifi, wake, duk suna da kyau, kaɗan-kaɗan sau da yawa. A makon da jini ke ƙasa ta guji nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen ganye na bakin titi, da cunkoson gbaka idan da hali. Kwana biyu bayan zama, ragowar magani yana fita ta fitsari, don haka a gidan haya mai bayan gida ɗaya a riƙa kora ruwa sosai a wanke hannu da sabulu. Wannan bai hana ta ɗaukar jika ko cin abinci da iyali ba.

Game da jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan uwa za su yi ta aikowa daga gida cikin ƙauna: wasu suna wahalar da ƙoda da hanta, su ne kuwa gaɓoɓin da ke fitar da shimiyo daga jiki. A nuna wa likita komai kafin a sha. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen su ma suna taɓa ƙoda suna ƙara zubar jini, kada a sha sai da izini. Addu'a da tofi ba su karo da maganin asibiti. Idan zaman ya faɗo cikin Ramadan, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Ku tambayi malaminku, ku kuma gaya masa cewa likita ya ce jikinta yana bukatar ruwa.

Abijan ko gida?

A nan Abijan, babban asibitin koyarwa na Treichville yana da sashen sankara. A Cocody kuma akwai cibiyar ƙasa ta shimiyo da gashin na'ura mai sunan Alassane Ouattara, wadda ake kira CNRAO, da ta fara karɓar marasa lafiya a 2018. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara gashin na'ura a 2021. A Najeriya asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano a Kano duk suna kula da masu sankarar mata.

Kowane wuri aka zaɓa, a zaɓe shi kafin zaman farko, a kuma ƙare a can. Mun san zuciyar tsohuwa takan koma Tawa ko Maraɗi ko Katsina da zarar ciwo ya kwantar da ita, mun kuma san haya da ciyarwa a Abijan ba wasa ba ne. Amma tafiyar kwanaki a mota cikin makon da jini ke ƙasa haɗari ce, sabon asibiti kuma ba ya ɗorawa a kan abin da bai gani a rubuce ba. Idan tafiyar ta zama dole, a shirya ta da likita, ta faɗo a mako na uku, kuma a riga an san ranar da asibitin can zai karɓe ta. A tafi da rahoton tiyata, da sakamakon biyofsi, da faifan sikana, da gwajin jini na ƙarshe, da takardar da ta nuna sunan kowane magani da yawansa da ranar da aka ba da shi. Ku roƙi ɗakin bincike ya ba ku ɗan dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, domin likitocin can za su iya son su sake dubawa da idonsu. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a tura wa mutum biyu cikin dangi.

Maganar kuɗi a yi ta a fili tun ranar farko. Ku nemi a rubuta muku ƙiyasin zama shida gaba ɗaya, har da gwaje-gwaje da maganin amai da kuɗin mota, ba na zama ɗaya kawai ba. Da wannan takarda za ku zauna da 'ya'ya da surukai da shugabannin zango da 'yan adashi, kowa ya san makon da nasa zai shigo. Inshorar lafiya ta CMU ta shafi duk mazaunin Kodebuwa, ɗan ƙasa da baƙo, a kan jaka guda a wata. Ku je da katinku ofishin jin daɗin jama'a na asibitin, ku tambayi abin da ya ɗauke muku da sauran taimakon da ake da shi. Kada neman sauƙi ya kai ku sayen kwalbar shimiyo a kasuwar Roxy ko a hannun ɗan tafiya. Ba a gane jabu da ido, kuma wanda ya kwana cikin zafin rumfa ko bayan mota ba a san abin da ya rage a cikinsa ba.

Kai mai gida, ko kai babban ɗa, zuwanka asibiti yana da muhimmanci fiye da aiko da kuɗi. Ka shiga ka ji bayanin likita da kunnenka, ka yi tambaya, kuma kada a ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonta. Wadda ba ta san abin da ake yaƙa ba ita ce ke cewa a bar ta haka a zama na biyu. Idan Faransanci bai wadace ku ba, ku zo da wanda zai fassara, wanda kuma ita ba za ta ji nauyin yin maganar mara a gabansa ba.

Idan likita ya ce ciwon ya wuce a warkar da shi, har yanzu akwai aikin da asibiti zai yi: shimiyo na iya rage ƙari ya tsayar da jini, morfin kuma yana kashe raɗaɗi, ba ya gaggauta ajali idan likita ne ya auna. Wadda ta kammala zama shida kuwa za a ba ta ranakun dawowa, yawanci duk wata uku ko huɗu a shekaru biyu na farko, domin a cikinsu ne ciwon ya fi dawowa. Ku rubuta ranar a bangon littafin asibiti da kuma cikin waya, kuma idan jini ko tari mai naci ko kumburin ciki ya zo kafin ranar, kada a jira ta.